Muhawara: Tsofaffin cikin finafinan nan, nauyi ne ko mutane?

Nura Mai Kyamara:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Fim ɗinmu na wannan watan shi ne Wiñaypacha na ƙasar Peru, wanda Óscar Catacora ya ba da umarni, ya fito a 2017. Wanda bai gama kallo ba ya dakata da karatu, don za mu tona ƙarshen. Mutum biyu ne kacal a cikinsa daga farko har ƙarshe: tsoho Willka da matarsa Phaxsi, a wata bukkar dutse can saman tsaunukan Andes, sama da mita 5,000. Ɗansu ya tafi birni bai waiwayo ba. Babu kiɗa, kyamara ba ta motsi, hotuna 96 aka jera. Shi ne fim na farko a Peru da aka yi gaba ɗaya da harshen Aymara, kuma tsohon da ya fito a matsayin Willka kakan daraktan ne na jini.

Abin da ya tsaya mini shi ne ashana. Ba sanyi ne ya fara karya su ba, ba kuma dilan da suka kashe musu tumaki ba. Ashana ce ta ƙare, tafiyar zuwa gari kuma ta fi ƙarfin ƙafar tsohon. Sai matar ta hana wuta mutuwa cikin dare, wutar ta cinye bukkar. Saƙon da yaro zai yi a yini ɗaya shi ya rushe gida. Ra'ayina shi ne ƙananan finafinai masu zaman kansu ne kaɗai ke iya nuna tsufa haka. Manyan kamfanoni idan sun sa tsoho, ko dai ya zo ya yi nasiha ta minti biyu ya wuce, ko ya zama abin dariya. Me kuka gani?

Malam Habu:
Wa alaikumus salam. Nura ɗana, na kalla, kuma ya taɓa ni, don shekaruna sun fi kusa da na Willka fiye da naku duka. Amma ina da ƙorafi. An yi wa ɗan nan shari'a ba ya nan. Kullum uwarsa na kiran sunansa, tana roƙon iska ta dawo da shi, mu kuma muna jin haushinsa. To me ya kore shi? Yunwa ce, ko wulaƙancin da ake yi wa mai magana da harshensu a birni? Yana da abin motar dawowa ma kuwa? Ba a ba mu ko fuskarsa ba.

Ka kwatanta da Tokyo Story na Yasujiro Ozu, 1953. Tsofaffi biyu sun taso daga Onomichi zuwa Tokyo ganin 'ya'yansu. Babban ɗan likitan unguwa ne, ranar da ya shirya fita da su aka kira shi wajen yaro marar lafiya. 'Yar tana fama da shagon gyaran gashi. Suka haɗa kuɗi suka tura iyayen wurin shaƙatawa na Atami, inda hayaniyar matasa ta hana su barci. Babu mugu a cikinsu, kuma wannan ne ya sa ya fi ciwo, don kowa na iya ganin kansa. Sannan ka sani kamfanin Shochiku ne ya yi shi, babban kamfani sosai. Don haka maganarka cewa ƙanana ne kaɗai ke iyawa ba ta cika ba.

Nura Mai Kyamara:
Malam, Shochiku na 1953 daban ne da kamfanonin yau. A yau wa zai zuba kuɗi a fim ɗin da jarumansa sun haura tamanin, ba faɗa, ba soyayya? Shi Catacora tallafin Ma'aikatar Al'adu ta Peru ya samu. Batun ɗan kuwa, ni a ganina da gangan aka ɓoye shi. An ajiye mu ne inda iyayen suke. Su ma ba su san dalilinsa ba, don me mu za mu sani?

Hajiya Turai:
Ku maza kuna ta gardama a kan ɗan da ya tafi, babu wanda ya tambayi wa ya zauna. Ku duba finafinan nan ɗaya bayan ɗaya. A na Ozu ɗin da Malam ya kawo, wa ya ɗauki hutu daga aiki ya zagaya gari da tsofaffin, ya shimfiɗa wa uwar a ɗan ɗakinsa, har ya yi mata tausa? Noriko ce, matar ɗansu da bai dawo daga yaƙi ba. Ba jininsu ba ce.

A fim ɗin Iran, A Separation na Asghar Farhadi, 2011, mutane sun riƙe wurin da matar ta ce wa mijinta Nader mahaifinsa mai ciwon mantuwa bai ma san shi ɗansa ne ba, shi kuma ya ce ai shi ya san mahaifinsa ne. Magana ce mai daɗi. Amma da safe idan ya tafi banki, wa ke gidan? Razieh, mai jinyar da aka ɗauka aiki, matalauciya mai juna biyu, da ta taso daga nesa da ƙaramar 'yarta. Tsohon ya ɓata jikinsa, ta rasa yadda za ta yi, har ta buga waya tana neman fatawa ko zunubi ne ta wanke namijin da ba muharraminta ba. Wannan kiran wayar ya fi mini duk wani dogon jawabi.

Ga kuma Honeyland na Masedoniya ta Arewa, 2019, wanda ba wasa ba ne, rayuwar gaske aka ɗauka. Hatidze tana hawa dutse ɗiban zuma, ta bar wa ƙudan rabi, ta dawo ta ba uwarta Nazife abinci a baki a ɗakin da ba lantarki. Akwai daren da ta tambayi uwar me ya sa aka kori masu neman aurenta. Shekarunta sun haura hamsin a lokacin. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, shi ya sa nake ganin abin da ku kuke wucewa.

Sadiya:
Hajiya, Allah ya saka da alheri. Ni ina jinyar surukata tun da ɓarin jikinta ya shanye. Abin da finafinai da yawa ba sa nunawa shi ne maimaici. Ki juya ta kada gadon baya ya yi gyambo, ki canza shimfiɗa, ki kai cokali bakinta ta datse haƙora, ba don ta ƙoshi ba, don wannan ne kaɗai abin da ya rage da za ta iya cewa a'a a kansa. Sai da na ga Amour na Michael Haneke na ji wani ya san wannan. Wurin da tsoho Georges ke ba matarsa Anne marar lafiya ruwa ta furzar, ya kai mata mari, nan take ya tsorata da kansa. Ban taɓa ɗaga hannu ba, alhamdu lillahi, amma na san gajiyar da ke kai mutum bakin wurin. 'Yarsu kuma ta zo daga nesa ta yi kuka, ta yi faɗa a kan ba a yi kaza ba, ta koma.

Kawu Isa:
Sadiya 'yata, Allah ya ba ki lada, ya ba ta sauƙi. Amma ni Amour ɗin nan ban yafe masa ba. Mutumin ya ɗauki matashin kai ya danne fuskar matarsa har ta cika. Kisa ne, ko da wane suna aka kira shi. Aka ba fim ɗin babbar kyautar bikin finafinai na Cannes da ke Faransa a 2012, aka ƙara masa Oscar. Haka The Ballad of Narayama na Shohei Imamura, shi ma babbar kyautar Cannes a 1983: ƙauyen da duk wanda ya kai saba'in ɗansa zai goya shi ya kai shi kan dutse ya baro shi. Ina tambaya tsakani da Allah, me ya sa duk fim ɗin da aka kawar da tsoho a cikinsa sai ya ci kyauta? Ina tsoron ana saba wa zukatan mutane da cewa rai idan ya daina amfani ya zama kaya.

Sadiya:
Kawu, ni ma ban yarda da abin da ya aikata ba, kuma ban ga fim ɗin ya ce a yi ba. Abin da na gani shi ne mutum biyu da aka bari su kaɗai a gida mai ƙofa a rufe. Da akwai masu karɓarsa ko na kwana biyu a mako, da wataƙila bai kai can ba.

Malam Habu:
Isa ɗan'uwana, bari in tsaya a kan Narayama, don na daɗe ina juya shi. Da farko, masana tarihi da yawa na ganin kai tsofaffi dutse almara ce ta mutanen Japan, babu tabbacin cewa al'ada ce da aka yi ta yi. Daga gajeren littafin Shichiro Fukazawa na 1956 aka ɗauko labarin, kuma Keisuke Kinoshita ya riga ya yi fim ɗinsa a 1958. To me ya sa al'umma za ta riƙe irin wannan labari tana ba 'ya'yanta? Saboda akwai tsoron da ba a iya faɗa a gaban iyaye: idan abinci bai isa ba, wa za a fara cirewa? Ba mai iya furta wannan a gidansa, sai a mayar da shi wani ƙauye a wani zamani.

Imamura bai yi wa abin kwalliya ba. Ƙauyen ana ta kai ne, wa yake ta kaya. Iyalin da aka kama da satar abinci da ransu aka binne su, har da yara. Ita Orin, tsohuwar da labarin ke kanta, tana da shekara 69, lafiyarta ƙalau, haƙoranta cif, kuma kunyar haƙoran take ji don suna nuna har yanzu tana ci. Ta je ta buga bakinta a dutse ta karya su da kanta. Kafin ta tafi ta samo wa ɗanta mata, ta nuna wa matar inda take kamun kifi a ɓoye. Ɗan ne ba ya so, ita ke tura shi. A hanyar dawowa ya ga maƙwabci ya ɗaure nasa uban yana ihu, ya wurga shi rami. An ajiye mana su biyun gefe da gefe. Ni ban fita daga fim ɗin ina ganin rai kaya ne ba. Na fita ina tsoron yunwa, da abin da take mayar da mutanen kirki.

Kawu Isa:
Malam, na ji, amma yardar Orin ce ma ta fi damuna. Idan tsoho ya yarda da kansa cewa shi nauyi ne, ai an gama da shi tun kafin a goya shi.

Ummi Ɗalibar Fim:
Kawu, wannan maganar taka ita ce gaba ɗaya Plan 75 na Chie Hayakawa, 2022. Ta ɗauko dutsen Narayama ta mayar da shi ofishin gwamnati. A labarin, duk wanda ya kai 75 zai iya cike takarda a ɗauki ransa, a ba shi yen 100,000 ya kashe yadda yake so kafin ranar. Babu mai tilasta maka. Ma'aikatan ma masu fara'a ne, akwai layin waya da za a riƙa hira da kai na minti 15. Amma Michi, mai shekara 78, an sallame ta daga aikin share ɗakunan otal, ba mai ba ta haya, ba mai ɗaukar ta aiki, kuma duk inda ta zauna tallan shirin ne a bango. A rufe maka kowace ƙofa a bar ɗaya, sannan a ce kai ka zaɓa. Hayakawa ta ce kisan Sagamihara na 2016, inda wani ya kashe naƙasassu 19 yana cewa ba su da amfani, yana cikin abin da ya tunzura ta. Kuma Japan ƙasa ce da kusan kashi 29 cikin ɗari na mutanenta sun kai 65. Don haka wannan fim ɗin a ɓangarenka yake, Kawu, gargaɗi ne.

Ɗan'asabe:
Ni fa bari in jefa tawa, ko ba za ta yi daɗi ba. Wa ake yi wa finafinan nan? Ku lissafa bukukuwan finafinan: Cannes, Barlin, Venice, Sundance. Kuɗin kuma daga asusun Hubert Bals na Rotterdam, ko asusun bikin Barlin, ko abokan haɗin gwiwa na Faransa. Mai biya yana da abin da yake son gani: tsohuwa mai tamoji, bukka, dutse, ɗan camfi, shiru mai tsawo. Matashin darakta ya gane haka, sai ya dafa abin da za a saya. Tatsuniyar ta zama ado don alƙalan biki. Mutanen ƙauyen da aka ɗauka su nawa suka ga fim ɗin? A Honeyland ma masu ɗaukar ba sa jin Turkancin da matan ke yi, shekara uku suna ɗauka, sun fara tace hotunan ba tare da sanin me ake cewa ba. Wannan bai dame ku ba?

Nura Mai Kyamara:
Yaya Ɗan'asabe, wannan zargi ya girme mu. A 1980 jaruma Nargis ta tashi a majalisar Indiya ta zargi darakta Satyajit Ray da sayar da talaucin ƙasar a waje. Amma je ka kalli tsohuwa Indir a fim ɗinsa Pather Panchali na 1955: tana satar ɗan abin miya a madafa, tana fushi ta naɗe tabarmarta ta bar gidan, ta dawo, tana ba yara tatsuniya da dare inuwarta a bango. Wannan ba ado ba ne, mutum ce mai halinta. Kuma Ray sai da aka jinginar da gwala-gwalan matarsa, daga baya gwamnatin Bengal ta Yamma ta ƙarasa biya. Ba Turawa suka saya ba.

Ɗan'asabe:
Ray ɗaya ne. Ina magana a kan tsari, kana ba ni gwani.

Ummi Ɗalibar Fim:
Yaya, akwai gaskiya a maganarka, na ga finafinan da camfin cikinsu za ka iya cire shi labarin bai girgiza ba. Ni ma'aunina ke nan: a cire tatsuniyar, idan labarin ya tsaya to ado ce. Gwada shi a Yaaba na Idrissa Ouedraogo, Burkina Faso, 1989. Da kuɗin Faransa da Suwizalan a ciki, ban musa ba. Amma cire zargin maita ka ga ko akwai fim. Sana tsohuwa ce da aka kora bayan gari. Rumbu ya ƙone, ita ce. Yarinya Nopoko ta kwanta bayan an yanke ta da wuƙa mai tsatsa, ita ce. Yaro Bila ne kaɗai ke zuwa wurinta, yana kiran ta kaka, har ya kai mata kaza. Ita ɗin da ake zargi ita ta yi tattaki ta nemo mai magani, kafin ta dawo an cinna wa bukkarta wuta. Sai bayan ta rasu mashayin garin ya gaya wa yaron asalin abin: uwarta ta mutu wurin haihuwarta, baƙin ciki ya kashe uban. Marainiya ce da ba ta da mai tsaya mata, shi ke nan laifinta. Fim ɗin bai ce maita gaskiya ce ko ƙarya ba, ya nuna a kan wa ake ɗora ta: mace, tsohuwa, marar dangi. Wannan saƙo ba na alƙalan Cannes ba ne, na mutanen da ke da irin Sana a bayan garinsu ne.

In kuma kana son wanda aka yi don masu labarin, ga Atanarjuat na Zacharias Kunuk, 2001, da harshen Inuktitut gaba ɗaya. Dattawan garin Igloolik da ke arewacin Kanada aka bi aka tattara yadda kowannensu ya san labarin mutumin da ya tsere tsirara a kan ƙanƙara, mutanen garin suka ɗinka tufafin suka fito a ciki. Cannes ta ba shi kyautar fim ɗin farko, amma ba don ita aka fara ba.

Hajiya Turai:
Ummi 'yata kin biya ni. Ɗan'asabe, ƙara da This Is Not a Burial, It's a Resurrection na Lesotho, 2019. Wannan kam daga shirin tallafi na bikin Venice ya fito, yuro 150,000, kuma daraktan, Lemohang Jeremiah Mosese, a Barlin yake zaune. Duk abin da ka lissafa ya cika. Amma Mantoa, tsohuwar fim ɗin, ba abar tausayi ba ce. Shekararta 80, ta binne miji da 'ya da jika, ɗanta na ƙarshe ya mutu a ma'adinan Afirka ta Kudu. Ta shirya wa mutuwa, tana neman mai haƙa mata kabari kusa da nata, sai aka ce za a gina madatsar ruwa, ƙauyen da maƙabartar duk za su nutse. Matar da ba ta son komai a duniya sai kabari ita ta tayar da gari. Kuma ba ƙirƙira ba ce, tun yarjejeniyar 1986 Lesotho ke tare ruwan tsaunukanta tana tura wa Afirka ta Kudu, an kuma tashi ƙauyuka saboda haka. Mary Twala da ta hau matsayin ta rasu a 2020. Ku dubi idonta kawai a fim ɗin. Fushi ne, ba roƙo ba.

Ɗan'asabe:
Hajiya, wannan na yarda yana da ƙarfi. Amma tambayata tana nan: a Lesotho mutum nawa suka samu inda za su kalle shi? Sai an gyara hanyar kai fim ga masu shi kafin in daina ƙorafi.

Malam Habu:
Wannan tambayar taka daidai ce, kuma ba darakta kaɗai zai amsa ta ba. Ni abin da nake so mu ƙara shi ne, duk tsofaffin da muka ambata an zalunce su ne ko an yashe su. Ina so wata mai zuwa mu kalli wanda tsohon ne ya yi zaluncin. A Screaming Man na Mahamat-Saleh Haroun, Cadi, 2010, wanda ya samu kyautar alƙalai a Cannes. Adam tsohon zakaran ninƙaya ne, yana kula da tafkin wanka na wani otal a Njamena. Sababbin masu otal suka ba ɗansa Abdel aikin, shi aka mayar da shi mai buɗe ƙofa. Ana yaƙi, ana matsa wa kowa ya ba da kuɗi ko ɗa. Ya bari aka zo aka tafi da yaron, yana ɗaki yana jin kiransa, ya koma bakin tafkinsa. Tsoron zama ba kowa ba yana iya sa uba ya yi wannan, kuma mu masu furfura ya kamata mu kalle shi a gaban 'ya'yanmu.

Sadiya:
Na goyi baya, Malam. Sai dai a sa tattaunawar da dare bayan na kwantar da Mama, don in samu shiga daga farko.

Kawu Isa:
Zan kalla. Amma Ummi, ki turo mini inda ake samun Plan 75 tukuna, ina so in gani da idona ko gargaɗi ne kamar yadda kika ce, kafin in sauka daga matsayina a kan sauran biyun.